Shafi na Arba'in da Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris
Kwana sittin da rasuwar 'yata Auta. Na koma shara a jami'a. Na tambayi sakatariyar magatakarda zancen digirinta, tunda ta ci duk jarrabawarta, kare bincikenta gaban malamai kaɗai ya rage. Ta ce, "Inna, ƙa'ida ce ta hana, ba mu ba." Na ce ta nuna min ƙa'idar. Shekara goma sha ɗaya ina goge ƙurar littafin ƙa'idojin nan, ban taɓa buɗe shi ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Ta ara min shi. Aji shida na tsaya, da yatsa nake bi. Shafi na arba'in da ɗaya: dole ɗalibi ya bayyana da kansa. An yi maganar mara lafiya, an yi ta mai jego, har ta wanda aka tsare. Babu wanda ya tuna ɗalibi yana mutuwa.

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ya zo. "Ke da tsintsiya za ki gyara wa furofesoshi doka? Takarda za ta dawo da ita ne?" Ba za ta dawo da ita ba, na sani. A kira sunanta cikin 'yan ajinsu nake so, shi ke nan.

Laraba, 19 ga Maris
Sau huɗu na sake wasiƙar roƙon da zan kai wa hukumar jami'a. Sakatariya ta gyara min baƙaƙe, na hana ta taɓa maganar.

Talata, 8 ga Afrilu
Kwamiti ya kira ni, a ɗakin da na share da safe. Na rasa yadda zan zauna a kujerar. Wani mai furfura ya ce in aka buɗe wannan ƙofa, ina za a tsaya? Na ce, "Ranka ya daɗe, ba na jin za a yi layi." Malamin Auta ya ajiye bincikenta a tebur, shafi tamanin, ya ce su karanta.

Juma'a, 2 ga Mayu
Ba labari. Na sake zuwa. Zan sake.

Laraba, 21 ga Mayu
Sun ƙara layi uku a ƙasan shafi na arba'in da ɗaya. Na sa an karanta min, sannan na karanta da kaina. Ranar yaye ɗalibai za a kira ta, ni zan hau in karɓa.
A hanyar gida na tsaya wajen tela. Baƙin yadi na yi niyya. Ban san yadda aka yi na nuna masa shuɗi mai furanni ba.