Haƙorin Injin Rake

Kiru, 5 ga Janairu, 1956

Zuwa ga Yaya Laraba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Bayan haka, Yaya, tun ranar Talata hankalina bai kwanta ba. Ina zaune ina karanta ɗan littafin labaran nan da kike yi mini dariya a kansa, sai maigidana Labaran ya shigo ya ajiye wani guntun ƙarfe a kan tabarmata, kamar babban yatsa. Ya ce, "Amarya, abokin aikina ya yi giɓi." Yana ta dariya.

Kin san baffansa Maikano ya kawo injin matsar rake daga garinku, wanda doki ke juyawa, ana dafa mazarƙwaila. Labaran ne ke tura rake bakinsa da hannu. Ƙarfen nan haƙorin injin ne. Tun da ya karye, kowane zagaye sai injin ya tsaya cak, sannan ya fizga. Daga cikin gida nake ji. In ya fizga, numfashina ɗaukewa yake har sai na ji Labaran ya ci gaba da waƙarsa.

Na aika wa malamin makaranta ya duba sunan ƙarfen da Turanci, ko a samo sabo a Kano. Ya ce kalmar tana nufin haƙorin inji, da wani jirgin ruwa na dā, da maguɗi a caca, har da ƙaramin ma'aikaci wanda in ya tafi sai a sa wani. Wannan na ƙarshen ya hana ni cin tuwo. Baffa kuwa ya ce Kano ta yi nisa, maƙeri zai liƙa.

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Yalwa

Tudun Wada, 10 ga Janairu

Yalwa,

Ina gaisuwa. Malam Surajo ke rubuta mini, ba zan tsawaita ba. Ajiye littattafan nan ki ji ni. Injin nan mun san shi. Shi ya ci hannun wani ɗan garinmu, Hamman, bara, har gwiwa. Haƙorin nan dai ne ya karye, maƙeri ya liƙa, kwana tara ya sake ɓallewa. Kafin a tsai da dokin, aikin gama ya gama. Maikano ya sani, a gabansa aka faɗa ranar da ya zo ɗauka. Kada ki ce ni na gaya miki, surukinki ne. Amma ki hana mijinki.

Allah ya tsare.

Laraba

Kiru, Juma'a

Yaya,

Ina gaishe ki. Na karanta wa Labaran wasiƙarki. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce Baffa ne ya rene shi, ba zai bar masa rake ya bushe a fadama ba. Ya ce in na fitar da maganar na kunyata Baffa, to in haɗa kayana.

Jiya maƙeri ya karɓi haƙorin ya liƙa. Gobe da safe za a ɗaura doki.

A littattafaina, irin wannan lokaci ne wani ke ɓullowa daga nesa ya yi ceto. Na leƙa hanya sau uku, ba kowa sai awaki.

Ki gafarce ni, sunanki zai fito. Na ƙulle wasiƙarki a bakin zanena. Yau bayan la'asar zan je gaban dagaci in karanta ta da bakina.

Ƙanwarki,
Yalwa