Kuros Ɗin Motar Asibitin Bor Tolgoi

Luvsangiin Yanjindulam,
Ungozoma, Ƙaramin Asibitin Bor Tolgoi.
2 ga Oktoba, 2018.

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Kiwon Lafiya na Lardi.

Game da: Kuros ɗin farfelar gaba na motar asibitinmu, da dakatar da direbanta, Gombosuren.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan ofishinka da iyalinka da dabbobin gidanku suna shiga kaka lafiya. Ina neman izini in gabatar da ƙorafina a karo na uku, ba don na manta cewa na biyun ba a amsa ba, sai don ba ni da wata ƙofar da zan buga.

1. Tun cikin watan Afrilu kuros ɗin farfelar gaba ya cinye. Shi ne ɗan ƙarfen da ke haɗa sandar da ke juya tayoyin gaba, kuma idan babu shi, motarmu ta zama motar gari, tayoyin baya kaɗai ke ja. Gombosuren ya ɗura masa giris, ya naɗe shi da fatar raƙumi, ya lallaɓa shi kamar tsohon da ba shi da haƙora. Da ƙwanƙwasar ta kai har majinyata suna roƙon a sauke su su taka da ƙafa, sai ya kwance sandar gaba ɗaya ya ajiye ta bayan murhu. Na rubuto muku ranar 19 ga Afrilu.

2. Ranar 6 ga Yuni aka turo mai duba motoci. Ya sha shayinmu mai gishiri, ya ci busasshen cuku, ya sa aka zagaya da shi filin makaranta, inda ko keken yara ba ya maƙalewa. Da ya sauko sai ya ce mini, "Haba Yaya, wannan ai ta fi ni lafiya!" Gombosuren ya ce masa, "To zo mu hau mashigar dutse, idan ta tsaya kai za ka tura." Ya yi dariya ya tafi, ya rubuta cewa mota tana aiki. Ranka ya daɗe, ba a filin makaranta matan makiyaya suke naƙuda ba.

3. Na yarda, kuma ina godiya, cewa ranar 21 ga Agusta an ba mu sabon kuros. Gombosuren ya je birni ya karɓo. A hanyarsa ta dawowa, a tsakiyar fako, inda babu rijiya babu tanti, ya tarar da mota irin tamu ta mutu da mutane a ciki, har da tsohuwa da jarirai, ruwansu ya ƙare. Kuros ɗinsu na baya ne ya tarwatse, kuma duk girman ɗaya ne. Ya ciro namu daga kwalinsa, ya shiga ƙarƙashin motarsu ya ɗaura musu. Bai tambayi sunansu ba, domin a fako ba a tambaya. Da ya iso hannu rabbana na yi masa faɗa har muryata ta dishe, shi kuwa abin da ya ce kawai, "Da ke ce, wucewa za ki yi?" Kai ma ɗan makiyaya ne, ka san wanda ya wuce mataccen inji a fako ba ya sake ɗaga kai a cikin mutane.

4. Ranar 3 ga Satumba ofishinka ya dakatar da shi bisa laifin kyautar da kayan gwamnati, aka kuma sanar da ni cewa rabonmu na bana ya ƙare, sai sabuwar shekara. Ban zo jayayya da doka ba. Ina dai sanar da kai cewa hukuncin bai sauka a kan Gombosuren ba, yana gida yana kiwon awakinsa, har ƙiba ya yi. A kan wata mata ya sauka.

5. Sunanta Norjmaa, matar Tsedev makiyayi. Suna zaune a bayan mashigar dutse, a masaukinsu na hunturu. Cikinta ya shiga wata takwas. Ɗanta na fari da tiyata aka ciro shi, kuma da hannuna na duba ta a makon jiya: wannan ma a gicciye yake kwance. Ba za ta iya hawa doki ba, babur kuwa ba zan ɗora ta a kai ba ko da wuƙa a wuyana. Mota mai ja da tayoyi biyu kawai ba ta haye mashigar ko a rani, balle yanzu da ƙanƙara ta fara kama duwatsun. Motocin 'yan kasuwa sun bi garken sayarwa zuwa birni. Dusar ƙanƙara kan rufe hanyar kafin ƙarshen wannan wata, kuma ba ta buɗewa sai bazara. Tsedev kan sauko ya ɗaure dokinsa a ƙofar asibiti, ya leƙa ƙarƙashin mota, ya dube ni. Ya daina tambaya, kuma wannan ya fi tambayar ciwo.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon a aiko mana da kuros ɗaya, ko tsoho ne da aka ciro daga wata mota, a cikin jakar mai kawo wasiƙu. Ina kuma roƙon a mayar da Gombosuren bakin aiki ko na yini guda, ya je ya sauko da ita, domin babu wanda ya san mashigar kamarsa. Bayan nan a ci gaba da hukunta shi yadda aka ga dama.

Gaskiya ba na sa rai. Na riga na ɗaure jakata, kuma ranar 10 ga wata zan hau doki in tafi wurinta in zauna, kafin hanya ta rufe a bayana. Zan tafi da almakashi, da zare, da hannuwana biyu. Ni ungozoma ce, ban iya tiyata ba. Al'adarmu ta hana a kira mugun abu da sunansa tun bai zo ba, shi ya sa ban rubuta shi a nan ba. Kai likita ne, ka san shi.

Ka huta lafiya, tare da dukkan girmamawa.

Taka mai biyayya,
L. Yanjindulam