Bikon Matar da Ba Ta Yi Yaji Ba

Zuwa ga Kamilu, sanyin idona, inuwar tsamiyata da tsakar rana, ruwan farko bayan dogon rani, maigidana da ba ni da kamarsa. Gaisuwa da fatan sauƙi daga matarka Hure.

Bayan haka, ashe yayanka Basiru ka tura gidanmu a Bagwai biko, wai na yi yaji. A wannan shekara da gero ya ƙone a gona, kuɗin mota ya gagari talaka, bawan Allah ya taka a ƙasa, ya durƙusa gaban Baba yana ba da haƙuri, Baba ya saki baki yana kallonsa. Yaji zuwa ina, masoyina? Lokacin da kake rubuta masa saƙon a waya ina zaune a hagunka, ni ke yi maka fifita!

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da kai a gona, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma duk abin da ke hagunka ya fita daga duniyarka, alhali idonka garau. Ka gyara rabin gemu, ka bar rabin kamar gonar da ba a nome ba. Ka cinye tuwon dama, ka yi ta mitar yunwa. In juya kwanon, ka ce albarka ta sauka. In yi maka magana, ka waiga dama, ka ga bango, ka ce kewa ce ke jiyo maka muryata. Ranar na yi dariya har da hawaye, na shiga madafa na ƙarasa da kuka.

Ka manta ranar kasuwar Ɗambatta, da ka hango ni tun daga kara, wajen 'yan shanu, ka biyo ni har rumfar 'yan daddawa? Wannan idon ne yau zan ɓace masa a kan tabarma ɗaya?

Da don son raina ne, da tuni na koma damanka ka gan ni in huta. Amma likita ya ce in kafe a hagu har wuyanka ya koyi juyowa, don ta can ma amalanke kan ɓullo, ta can murhu yake. Ina tsoron ranar da za ka fita kai kaɗai. Saboda haka ba inda zan gusa, ko da za ka tura Basiru Bagwai har takalminsa ya tsinke.

Na ajiye wannan takarda a gwiwarka ta dama don kada ita ma ka ce ta yi yaji. Idan ka gama karantawa, don Allah juyo hagu a hankali. Ina nan, da mafici a hannuna.

Taka har ƙarshen numfashi,
Hure