Arba'in ɗin Baby Consolacion

Lake Charles, 28 ga Satumba

Yaya Alcide,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sabon ƙugun da likitoci suka sa maka ya fara jin magana, tunda mai shi bai taɓa ji ba. Ka ce kada a kira ka a waya saboda kunnenka, to ga takarda, kamar a zamanin Baba.

Tashar jiragen ruwa na nan ba ta nutse ba don kai Fadanta, limamin ma'aikatan jirgi, ka kwanta. Ni ke jan motar cibiyarmu ta kula da ma'aikatan jirgi, ni ke hawa jirage da katin waya da carbi da huluna. Matan coci sun saƙo hula ɗari biyu, kuma Misis Verna ta sake ɗora wa nata tuntu a ka, duk da an gaya mata sau goma cewa inji na kama shi. Na kwashe yammacin Litinin ina yanke su da almakashi. Wannan shi ne amfanin digirina na uku a yanzu.

Ga dalilin wasiƙar. Ranar Laraba na hau wani jirgi da ke lodin shinkafa. Mutum ashirin da ɗaya, duk 'yan Filifin, uku kaɗai ke da bizar sauka, sauran suna kallon gari ta saman ƙarfen gefen jirgi. Kukunsu Eleuterio Magbanua, suna ce masa Teroy, zai yi shekara hamsin. Ya cika ni da kaza mai tsami da tafarnuwa, sannan ya biyo ni har bakin tsani.

"Madam, Fada ba zai zo ba?"

"Fada na gareji, ana canza masa kayan gyara."

Bai yi dariya ba. Ya miƙo mini yagaggen kwalin madara, an rubuta a bayansa: Baby Consolacion Magbanua, ta rasu 3 ga Satumba.

"Sha biyu ga Oktoba ne arba'in ɗinta," in ji shi. "Ban samu jana'iza ba, kwantiragina sai Fabrairu. Ina so Fada ya yi mata addu'ar Misa a ranar. Madam, ita fa..."

Sai muryarsa ta karye. Ka san ni da kukan maza. Na dafa hannunsa na ce, "Ba sai ka ce komai ba, Teroy. Na gane."

Shekara talatin ina koya wa ɗalibai yadda ake karanta mutane. Mutum ya rubuta Baby a gaban suna, kalmar da kowa ke kiran jariri da ita, yana tsaye yana hawaye, me ya rage a tambaya? Jaririyarsa ta mutu yana tsakiyar teku yana soya albasa.

Ka yi Misar a ɗakin addu'ar gidan jinyarku. Ka sa wani ya ɗauka a waya in tura masa.

Ƙanwarka da ke riƙe maka shago,
Odile

*

Lafayette, 12 ga Oktoba

Farfesa,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke, ko da ba ki nema ba. Ƙugu ya gode da gaisuwa.

An yi. Na tashi ƙarfe shida na safe don ranar ba ta ƙare a ƙasarsu ba tukuna. Na sa fararen tufafi, na yi addu'o'in da ake yi wa jariri. In kin manta katikisim ɗin da aka koya mana a coci, ki tuna ba a roƙa wa jaririn da aka yi wa baftisma gafara. Me ya aikata? Iyaye ake roƙa wa haƙuri. Na yi wa'azi na minti huɗu a tsaye, da sanda. Tsofaffin Fada biyar ne jama'ata, biyu sun yi kuka, ɗaya ya yi barci, wanda a wurinsa yabo ne.

Loretta mai jinya ta ɗauka, ta ce ta tura miki tun kafin in cire tufafin.

Af, watanta nawa a duniya? Ba ki faɗa ba. Kin tambaya kuwa?

Ki bar Verna da tuntunta, ita ma tana neman aljanna ne.

Yayanki cikin Almasihu da kuma cikin Mama,
Alcide

*

Lake Charles, 12 ga Oktoba

Zuwa ga Teroy,

Ina gaishe ka da sauran abokan aikinka, da fatan teku ta yi muku sauƙi. Ga hoton Misar da Fada ya yi yau da safe, a ranar da ka ce.

Ba ni da baiwar ta'aziyya. Abin da mutane ke faɗa a irin wannan lokaci na ji shi duka, kuma na san bai kai ko'ina. Don haka zan gaya maka abin da ya sa na ce na gane.

Shekara talatin da bakwai da suka wuce ina karatu a Chicago, ba aure, nesa da gida. Na haifi ɗa namiji a wata bakwai. Kwana biyu ya yi. Wata mai jinya ta yi masa baftisma da ruwan kofin da ke gefen gadona. Bayan mako guda na koma aji na gabatar da takarda a kan ma'aikatan tashar jiragen ruwa, aka tafa mini. Ba wanda ya sani a gidanmu, har yayana Fada. Ba a taɓa yi masa Misa ba, don in an yi sai an faɗi suna, in an faɗi suna sai an yi bayani.

Kai ne na farko da na gaya wa, wataƙila don jirginka ya riga ya tashi. 'Yarka ta fi ɗana sa'a: mahaifinta ya rubuta sunanta ko a kwalin madara ne.

Allah ya ba ka da mahaifiyarta haƙuri.

Odile Frugé

*

A teku, 16 ga Oktoba

Madam Odile mai daraja,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Fada, Allah ya ba shi lafiya. Hulunan sun yi amfani, sanyi ya fara. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Sau uku ina farawa ina gogewa.

Madam, ban san yadda zan faɗa ba. Baby mahaifiyata ce. Shekararta tamanin da uku.

A wurinmu haka ake yi. Ita ce auta cikin su goma sha ɗaya, aka kira ta Baby tun tana zanin goyo, sunan ya bi ta har kabari. Jikokinta ma Kaka Baby suke cewa. Ban taɓa tunanin wani zai karanta shi dabam ba.

Kifi take sayarwa a kasuwar garinmu, shekara sittin. Tana shan taba da wutar a cikin baki. Ta taɓa marin ɗan sanda da kifi. Ita da yayarta Inna Puring sun yi shekara talatin ba sa magana a kan bishiyar mangwaro ɗaya. Bakinta, Madam, in ta buɗe shi karnuka ma barin layin suke yi. Amma ita kaɗai ta raine mu mu shida.

Da ta ji jiki ta kira ni a waya ta ce, "Teroy, in na tafi ka nemo mini Fadan ƙasar waje ya roƙa mini gafara ranar arba'in. Na nan duk na zage su, in sun yi ma ba da zuciya ɗaya za su yi ba." Na ce, "Nanay, na yi alkawari." Haka muke kiran uwa.

Da saƙonki ya shigo ina kan tukunya, kuma layin jirgi ba ya ɗaukar hoto mai motsi da sauri. Sai na tura gida kai tsaye ban kalla ba. Dangi na tare a gidan, an gama addu'a ana cin abinci. Suka haɗa wayar da talabijin, 'yar ƙanwata mai koyarwa tana fassarawa. Da Fada ya ce, "Wannan 'yar mala'ika da bakinta bai taɓa furta mugun abu ba," aka ce Inna Puring ta yi dariya har haƙoran robarta suka faɗa cikin taliya. Ta ce, "Wannan Fadan ko dai waliyyi ne ko kurma!" Gidan ya rikice. Daga baya kuma ta zauna ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, tana cewa ita ta goye ta, ta tuna lokacin da maganar gaskiya ce.

Su sun yi dariya. Ni ban iya ba, Madam. Arba'in ta wuce, ba wanda ya roƙa mata abin da ta ce a roƙa. Abin da na so in gaya miki ke nan a bakin tsani. Laifina ne, da na daure na ƙarasa. Ko Fada zai yarda ya sake, ko da rana ta wuce? A gaya masa gaskiyar halinta, kada a rage.

Wasiƙarki kuwa ban tura wa kowa ba, hoton kaɗai na tura. Na karanta ta a ɗakin ajiyar albasa. Ni ba mai ilimi ba ne, amma ga abin da na gani. An yi Misar jariri, da fararen tufafi, an yi ta da kyau, kuma babu jaririn da ya karɓa. Tana nan ba mai ita. Ke kuma kina da jaririn da ba a yi wa ba. A kicin ba ma zubar da abincin da aka dafa don an yi kuskuren teburi.

Ki gafarce ni in na wuce wurina.

Naki da ladabi,
Teroy

*

Lake Charles, 18 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa. Yau ba ni da abin tsokana.

Ka tambaya ko na tambaya. Ban tambaya ba. Jaririyar da ka tsaya da sanda ka yi wa wa'azi tsohuwa ce mai shekara tamanin da uku, mai sayar da kifi, wadda ta zagi duk Fadan garinsu har ta rasa mai yi mata addu'a. Baby sunanta ne kawai. Shekara shida ina hawa jiragen mutanen nan, ina cin abincinsu, na haɗu da injiniya mai furfura da ake kira Boy, wato yaro, har na ba ka labari muka yi dariya, amma ban haɗa wannan da wancan ba.

Da rashin sani ne kaɗai da na haɗiye. Abin da ya hana ni sakewa shi ne mutumin ya buɗe baki zai gaya mini, na rufe masa. Na ce na gane. Na yi ta juya abin: ba don tausayi na katse shi ba, don kada ya yi kuka a gabana ne, ga kuma wani jirgin na jira. Na kalli kwalin na ga abin da nake son gani. Kai kullum kana cewa aikin nan kashi tara cikin goma zama ne a yi shiru. Ni kuma ina cewa a raina, ai shi ya sa ya dace da wanda bai yi dogon karatu ba. Ka ji, na faɗa.

Jiya na hau jirage biyu. Duk wanda ya ce "Madam" sai in ji kunnuwana sun yi zafi. Misis Verna ta kawo sababbin huluna da tuntu, na karɓa na yi godiya, har ta tambaye ni ko lafiya.

Alkawarin ɗa ga uwarsa ya faɗi a hannuna. Ina roƙonka ka sake Misar, irin ta manya masu zunubi, ka roƙa mata gafara da gaske.

Na sa maka wasiƙarsa a ciki, da kwafin wadda na rubuta masa. Na so in yanke ƙarshen tasa da almakashin tuntu, har na ɗauko. Ka karanta duka. In ka gama kada ka kira ni, ko da kunnenka ya warke.

Odile

*

Lafayette, 22 ga Oktoba

Odile, ƙanwata,

Salama.

Na yi wa Consolacion Misa jiya, da tufafin makoki. Na karanta wa tsofaffin nan tarihinta kamar yadda ɗanta ya ce, ban rage ko kifin ba. Wanda ya yi barci wancan karon ya farka ya ce a ƙara masa bayani a kan ɗan sandan. Mun roƙa mata gafara mu shida, da zuciya ɗaya, tunda ba ta taɓa zagin ko ɗayanmu ba. Ki gaya wa Teroy kada ranar ta dame shi. Wanda muke roƙo ba ya aiki da kalandar kamfanin jirgi. Ki kuma gaya wa Inna Puring ta canka daidai: kurma ne.

Na karanta sauran. Sau biyu.

A waccan shekarar ina sabon Fada, ina aiko miki da dogayen wasiƙu a kan yadda ake gane rai mai damuwa. Kin zo Kirsimeti kin rame, na ce karatu ne, har na tsokane ki a gaban Mama. Kin ce, "Yaya, akwai wata magana," na ce, "Na sani, Chicago ba daɗi, ki daure." Kin tuna? Ni na tuna yanzu. Ashe cutar ta gidanmu ce.

Kukun nan ya fi ni tauhidi. A littafin Misa na ɗakin addu'a, layin sha biyu ga Oktoba, na ja layi a kan abin da na rubuta. Wurin na nan fari. Ba zan ce na gane ba. Tambaya nake yi: wane suna zan sa?

Yayanki,
Alcide

*

Lake Charles, 25 ga Oktoba

Yaya,

Na gode. Na tura wa Teroy. Ya ce jirginsu zai dawo lodi a Janairu, zai dafa maka kaza, kuma wannan karon zai ƙarasa maganarsa. Na ce zan zo da kujera.

Ranar a Chicago, mai jinyar ta ce in yi sauri in faɗi sunan yaron, ruwan baftismar na hannunta. Suna ɗaya ne ya zo bakina.

Ba sai ka tambayi yadda ake rubuta shi ba. Ka rubuta naka, shi na sa masa.

Ƙanwarka,
Odile