Dokin Ƙofar Gidana

Daren Laraba, Yuni 1999, Gyaɗi-Gyaɗi

Yau ma matar nan ta ƙungiyar naƙasassu ta dawo, ita da wani mai igiyar awo. Wai keken guragun da za su ba 'yata Ladidi ba zai shiga zaure ba sai an fasa dokin ƙofa. Suka auna, suka yi alama da alli.

Ni na san awo. Lokacin soja haka aka auna rumfata a Tarauni, wai gyara, da safe sai ga katafila. Don yanzu masu mulki sun cire kaki sun sa babbar riga sai in yarda?

Na ce, "Hajiya, wa ya aiko ku? Me zai ci a ciki?"

Ta yi dariya. "Baba, so muke ta riƙa zuwa koyon ɗinki da kanta."

Suna tafiya na goge allin da ruwan buta. Ladidi ta rarrafo ta tarar da ni, ta ce, "Baba, rabona da bakin titi tun rasuwar Inna."

Har yanzu ban yarda da su ba, kuma baƙo ba zai taɓa min gini ba. Na aro guduma a maƙota. Bayan asuba ni zan fasa da hannuna.