Sarkin Rum Mai Karyayyen Hanci Ya Ƙwace Mani Taubashi

Zuwa ga taubashina Sanusi, ɗan Gwaggo Hinde, wanda birnin Katsina ya haɗiye.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, da Gwaggo, da ƙannenka, da karatun jami'a. Ya zaman birni? Ya haƙurin rabuwa da gida? Mu nan Batsari lafiya lau, gero ya fara buɗe kai, Baba yana gaida ƙanwarshi. Ka miƙa gaisuwata kuma ga sabon amininka, sarkin Rumawan nan da ya mutu tun kafin zuwan Annabi.

Na sa wasiƙar nan inda kowa zai gani, tunda na lura kai yanzu sai a bainar jama'a kake amsa magana.

Na buɗe abin da ka turo a guruf ɗin dangi. Ka ce ka rubuta tarihin sarkin da Hausa a babban kundin ilimi na intanet, kuma wasu marubuta irinka suna duba shi kafin a ce ya cika. Na ga hotonshi. Kan dutse ne, ba ƙwayar ido, hanci a karye. Sanusi, wannan ne ya hana ka ɗaga wayata tun farkon damina?

Ban tsaya nan ba, na shiga har shafin masu dubawar. Kai ka koya mani boko da tsinke a ƙasa, yau ga shi na karanta abin da ya hana ni cin tuwo da daɗi.

Wani baƙo, ko fuskarshi ba ka sani ba, ya ce ka kawo littafin da ka samo garin da aka haifi sarkin. Ka ce ka gode, ka kawo. Ya ce ka cire inda ka kira shi jarumi adali, wai kundi ba wurin kirari ba ne. Ka ce ka gode, ka cire. Ya ce akwai inda ka rikita sarkin da ɗan da ya gaje shi. Ka ce gaskiyarshi, Allah Ya saka da alheri.

Kai ne? Sanusin da na sani?

Ka tuna zauren Malam a Runka, kafin tashin hankali ya watsa mu. Dokarshi guda ce, kullum yana maimaita ta: kada wanda ya zo gabana da allo sai ɗan'uwanshi ya saurare shi. Ni ne mai sauraronka, kai ne nawa. Ba a taɓa wanke allonka ba sai da kunnena ya yarda.

Amma ni ban taɓa samun na gode ba. In na ce ka ja inda ba a ja, sai ka tashi da musu, jijiyar wuya a miƙe. Ranar da na tsayar da kai a gaban yara, har bayan rumbu ka bi ni, muka yi kokawa muka fasa wa Inna tulu.

Ni ma dai ban bar ka ka huta ba, kuma har gobe ina alfahari. Ranar da na ɗaure bakin rigarka da igiyar buzu kana tsakiyar karatu, ka miƙe buzu ya bi ka har gaban Malam, shi kanshi sai da ya rufe baki da rawani. Baƙon naka zai iya wannan? Ya san kana lumshe idon hagu in ka fara shakkar abin da kake faɗi? Ya san in ka yi tari sau biyu, to ka manta ne kana neman lokaci?

Ba na cewa bai iya aikinshi ba. Ya iya, abin da ya ƙara ƙona mani rai ke nan. Rubutun ya yi kyau bayan gyaranshi. Na karanta har inda sojojin sarkin suka juya mashi baya, na ji tausayin mai karyayyen hancin, sannan na ji haushin kaina da na ji tausayinshi.

To ga abin da nake ta kiranka in faɗa maka. Na kai allon ƙarshe. Malam, wanda yanzu yake nan Batsari tare da mu, ya ce in na biya mashi, a yi saukata bayan an yanke gero. Ya ce in sami wani cikin ɗalibai ya saurare ni. Na ce ina da mai saurarona. Ya dube ni, don ya san wa nake nufi.

Tun ran nan allon yana jingine a ɗakina. Tawadar ta fara dusashewa. Baba yana tambaya, ina cewa sai an jima.

Ban ce ka hau mota ba. In hanya ba ta yi kyau ba, wallahi kada ka zo, Gwaggo ba za ta yafe mani ba, ni ma ba zan yafe wa kaina ba. Ka kira ni kawai bayan la'asar. Zan hau tudun bayan kasuwa inda waya ke kamawa, in karanta, ka tsayar da ni duk inda na karkace. Ka sa ni in sake ko da ban yi kuskure ba, ka rama abin da na yi maka. Zan yi musu, ka sani, amma ƙila a ƙarshe in ce na gode, tunda na ga yanzu ita ake yayi.

Allah Ya sa masu dubawa su amince da rubutunka, Ya buɗe maka karatu, Ya ƙara wa Gwaggo lafiya, Ya kwantar mana da ƙasarmu har mu sake zama a tabarma ɗaya a Runka. Amin.

Sarkinka ya daɗe a kwance, zai iya jira. Allona ne ba zai iya ba.

Naka, wanda ya riga kowa gyara maka karatu,
Iro.