Gayyatar Auren Uwais

Ƙanƙara, Litinin

Zuwa ga Kawu Alhaji Nata'ala, Shugaban Ƙungiyar Manoma, Yankara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Allah ya sanya albarka a auren ɗanka Uwais.

Na aiko wannan ta hannun Gide direba, don sakatarenka Zailani ke buɗe maka imel, ni kuwa so nake ka karanta da kanka.

Na'urar da nake kula da ita ke aika imel na wurare uku: ƙungiyarku, wani asibiti a nan, da makarantar Malama Shafa'atu da ke garin Sabuwa. Na yi wa kowannensu hatimin da ke shaida saƙo nasa ne, na sake gwada su, lafiya lau suke. Sai dai duka ukun da lamba ɗaya suke fita, kamar gida uku masu zaure ɗaya.

Ranar Asabar Zailani ya aika katin gayyata ga adireshi dubu da ɗari huɗu a lokaci guda. Kusan rabi an daina amfani da su. Wasu masu karɓa kuma suka danna cewa shara ce. Yanzu lambarmu tana jerin waɗanda ake toshewa, duk saƙon da ya fito daga zauren nan akwatin shara, wato spam, yake faɗawa.

Makarantar za ta aika takardar shaidar wata ɗaliba, Hajaratu, mai neman tallafin karatun likita. Juma'a ake rufewa, kuma sai daga adireshin makaranta suke karɓa. Na nemi a cire mu, za a cire idan abin bai sake faruwa ba. Don haka na rufe aika saƙon taro daga ƙungiya. Saƙon tunin gayyata da Zailani ya shirya ba zai fita ba. Ka yi haƙuri.

Ɗanka,
Mas'ud

Yankara, Talata

Mas'udu, wa alaikumus salam. Muna lahiya.

Shara? Gayyatata ce shara? Adireshin nan daga katunan mutane suka fito, shekara da shekaru nake tara su, tun daga taron taki na Funtuwa har na Kaduna. Wanda ya ba ka katinshi ya ba ka hannunshi. In ya ji auren a bakin wani, da wane ido zan dube shi?

Ni na kai ka gaban 'yan kwamiti na ce ɗana ya gama jami'a, a ba shi aikin. Yau kai ka kulle mani baki. Ka buɗe kafin gobe, in ba haka ba Zailani ya ce akwai wani yaro a Katsina mai wanga aiki.

Ka gaida uwarka.
Nata'ala

Ƙanƙara, Laraba

Kawu, ina gaisuwa da girmamawa.

Wasiƙarka ta hana ni cin abinci, amma ba zan buɗe ba. Ko na buɗe, tunin ba zai isa ga kowa ba, shara zai sake faɗawa, ya ja takardar Hajaratu tare da shi. Wannan na tabbata, ba zato nake ba.

Yau da safe an cire mu. Na aika gwaji ta sunan makaranta, ya shiga daidai. Bayan Juma'a, ka zaɓo waɗanda za su gane sunanka in sun gani, in aika musu kaɗan-kaɗan. In ka fi son yaron Katsina, zan miƙa masa komai da hannuna, in kuma faɗa masa abin da na faɗa maka.

Ɗanka mai biyayya,
Mas'ud

Yankara, Asabar

Mas'udu, gaisuwa.

Malama Shafa'atu ta kira ni, ta ce takardar yarinyar ta shiga, sun amsa. Har godiya ta yi mani, wai na haƙura. Na amshi godiyar.

Na sayi goron gayyata. Ka zo da babur gobe, kai za ka raba a Tafoki da Ruwan Godiya, gida-gida. Duk wanda ya ce bai ji ba, kai za ka durƙusa mashi.

Kawunka